Birus mai ɓuya cikin dogaran jini

A ƙasar Damagaram babu ƙauyen da bai ji labarin sida ba. Tun shekara ta 1987 da aka ga mai ita na farko a Nijar, rediyo da likitoci ba su bar maganarta ba. To, ƙwayar sida tana da wata ƴar'uwa wadda ba a cika faɗin ta ba, alhali kuwa ita masana suka fara gani. Sunanta HTLV-1. Suna ne na masu bincike, Bahaushe bai raɗa mata nasa ba tukuna. Abin da harufan suke nufi shi ne: ƙwayar cuta ta ɗaya mai sa ma wasu fararen ƙwayoyin jinin mutum sankara.

A shekara ta 2012 wasu masana biyu na cibiyar Pasteur ta birnin Paris, Antoine Gessain da Olivier Cassar, sun lissafta cewa mutum miliyan 5 zuwa miliyan 10 suna ɗauke da ita a duniya. Mafi yawansu lafiyarsu lau, har su tsufa ba su san tana jikinsu ba. Amma kaɗan daga cikinsu tana kashe su, wasu kuma ta shanye masu ƙafafu. Hanyoyin da take bi kuwa suna cikin kowane gida: nono, da jini, da kwanciyar miji da mata. Shi ya sa muka ga ya kamata ku san ta, ku san yadda take aikinta.

Mi ke cikin jini?

Idan aka yanka rago, mu jan ruwa kurum muke gani. Amma idan likita ya sa ɗigon jini ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, sai ya gan shi cike da ƙwayoyi ƙanana. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5. Su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta ko'ina cikin jiki. Cikin ɗigon nan kuma akwai fararen ƙwayoyi dubu 4 zuwa dubu 10. Ba su da yawa, amma su ne masu tsaro.

Ku tuna da Birnin Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi. Fata ita ce ganuwar jiki. Amma ganuwa kaɗai ba ta tsare gari, sai da mayaƙa da dogarai a ciki. Wannan shi ne aikin fararen ƙwayoyi. Wasu suna haɗiye ƙwayar cuta. Mugunyar da kuke gani cikin ƙurji, yawancinta gawarwakinsu ne na bayan faɗa. Wasu kuma maƙera ne, suna ƙera makamin da ya dace da kowace cuta.

Akwai wani iri da za mu tsaya kansa. Ana haifar su cikin ɓargo, sa'an nan su tafi wani ɗan nama da ke bayan ƙashin ƙirji su koyi aiki. Sunan naman nan da harafin T yake farawa, shi ya sa masana ke ce masu ƙwayoyin T. Mu a nan za mu kira su dogaran jini.

Su ma kashi biyu ne. Akwai masu ba da umurni, lambarsu CD4. Su ke ganin baƙo su yi shela, su ce ma kowa ga abin da zai yi. Akwai masu kisa, lambarsu CD8. Duk ƙwayar jikin da cuta ta shige ta, idan suka gane ta, sai su kashe ta. HTLV-1 masu ba da umurnin nan yake nema. Wato ɓarawo ne da ba ya zuwa rumbu, gidan sarkin dogarai yake sauka.

Birus ba ya rayuwa shi kaɗai

Ƙwayoyin cuta ba iri ɗaya ba ne. Ta kwalara, alal misali, tana ci da kanta, tana haihuwa da kanta cikin ruwa ko cikin hanji. Birus ba haka yake ba. Ƙyanda, da shan inna, da sida, duk birus ke kawo su. Ƙanƙantarsa ta wuce misali. Sai an jera HTLV-1 wajen dubu 10 kafin su kai milimita ɗaya. Madubin likita na kullum ma ba ya ganin sa.

Ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa da kansa. Kun san kauci ba ya tsirowa a ƙasa, sai kan reshen itace. Kun san ƙuduji ba ya girma sai ya kama saiwar gero. Haka birus yake. Shi ƴar jaka ce kurum, cikinta akwai ɗan gajeren rubutu da kayan aiki kaɗan. Sai ya samu ƙwaya mai rai ya shiga, sa'an nan ya sa ta yi masa aiki.

Kundi da allo

A nan ku natsu, don nan ne bakin zaren.

A tsakiyar kowane dogarin jini akwai wani ɗaki. Cikin ɗakin akwai kundi. Kundin nan shi ke faɗin yadda za a gina jiki da yadda kowace ƙwaya za ta yi aikinta. Da faransanci ana ce masa ADN. A gaskiya kundi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Shi ya sa ɗa ke kama da iyayensa. Harufa huɗu kaɗai ake rubutun da su, amma kowane kundi yana da harufa wajen miliyar 3.

Kundi ba ya fita ɗakinsa. Idan ƙwaya tana bukatar wani abu, sai ta kwafi shafin da take so bisa allo, a fita da allon, a karanta, a yi aikin, sa'an nan a wanke shi. Allon nan shi ne ake kira ARN. Wanda ya zauna makarantar allo ya san wannan tsari. Daga littafi ake kwafowa zuwa allo. Ba a ɗaukar abin da almajiri ya rubuta bisa allonsa a sa shi cikin littafin malam.

Masana ma haka suka ɗauka, har shekara ta 1970. A wannan shekara Howard Temin da David Baltimore, a ƙasar Amurka, kowa da nasa bincike, suka gano akwai wasu birus masu juya al'amarin. Suna zuwa da allonsu, su mayar da rubutun allon ya koma shafin kundi. Saboda wannan aka ba su kyautar Nobel a 1975. Irin waɗannan birus ana kiran su retirobirus, wato masu rubutu da baya. HTLV-1 da ƙwayar sida duk dangin nan ne. Allon HTLV-1 harufa wajen dubu 9 ne kurum.

Ta wace ƙofa yake shiga?

Kowane dogarin jini yana da fata tasa, da ƙofofi a jikinta. Akwai ƙofar da sukari ke shiga, don shi ne abincinsa. Masana suna kiran ta GLUT-1. Idan dogari ya tashi aiki, yunwa takan kama shi, sai ya buɗe irin ƙofar nan da yawa. A shekara ta 2003 masu bincike na birnin Montpellier a Faransa suka gano cewa HTLV-1 yana amfani da ƙofar nan ta abinci. Daga baya aka ga akwai wasu ƙugiyoyi biyu bisa fatar dogarin da yake fara kamawa kafin ya kai ƙofar.

Da ya kama, sai jakarsa ta haɗe da fatar dogarin, kamar ɗigon mai biyu da suka gamu bisa miya. Abin da ke cikin jakar ya zube ciki.

Cikin kayan da ya zo da su akwai magatakarda. Shi ke duban allon birus ya kwafe shi bisa takarda irin ta kundi. Akwai kuma wani ma'aikaci mai aikin dukawa. Yakan kai sabon shafin cikin ɗakin kundi, ya yanka kundin a wani wuri, ya sa shafin, ya ɗinke. Ɗinkin ya fi na gwanin baduku na Zinder kyau, don ko dogarin da kansa ba ya gane inda aka yi shi. Daga ranar nan, shafin birus ya zama shafin kundinsa. Babu sauran wankewa. Shi ya sa wanda ya kamu, ya kamu ke nan har ƙarshen ransa. Har yau babu maganin da ke cire shafin, babu kuma allurar rigakafi.

Hannu da hannu

Ga wani abin mamaki. Wanda ke da sida kuma ba ya shan magani, ƙwayoyin cutar suna yawo birjik cikin ruwan jininsa. Amma idan aka auna ruwan jinin mai HTLV-1, da ƙyar ake samun ko kaɗan. To, ta yaya yake yaɗuwa?

A 2003 ɗin dai, a birnin Landan, Charles Bangham da abokan aikinsa suka ga amsar. Dogarin da ya kamu yakan matso kusa da lafiyayye ya rungume shi. Sai ya tattara ƴaƴan birus da ya ƙera, ya kawo su daidai inda fatunsu suka haɗu, ya miƙa. Kamar mutum ne ya ba ka hannu ku gaisa, ya bar maka goro cikin tafi, ba wanda ya gani. Makaman da maƙeran jiki suka ƙera suna yawo a waje, ba su samun hanyar shiga tsakaninsu. A 2010 kuma masanan Pasteur suka ga wata dabarar. Ƴaƴan birus sukan taru su manne bisa fatar dogarin cikin wani abu mai danƙo. Duk wanda ya goge shi ya kwasa, yadda ƙarangiya ke kama zane.

Wannan yana da amfani gare mu ƙwarai. Tunda birus ɗin ba ya tafiya shi kaɗai, mutum ba ya ɗaukar sa sai dogari mai rai ya fita daga jikin wani ya shiga nasa. Dogaran nan suna cikin jini, suna cikin nono, suna cikin maniyyi. Gaisuwa ba ta kawo shi. Cin tuwo cikin akushi ɗaya, ko shan fura da ludayi ɗaya, ko tari, ko cizon sauro, duk ba su kawo shi. Babu dalilin guje ma mai shi.

Yadda yake zama shekara da shekaru

Bayan ƴan watannin farko, birus ɗin ba ya ma yawan wahalar da kansa da neman sababbin dogarai. Yana da hanya mai sauƙi. Ƙwayar jiki tana haihuwa ne ta rabuwa biyu, biyu su zama huɗu. Kafin ta rabu sai ta kwafe kundinta kaf, kowace ɗiya ta samu nata. To, tunda shafin birus yana ciki, shi ma ana kwafe shi. Dogari ɗaya da ya kamu sai ya zama kakan zuri'a, dukansu da shafin a wuri ɗaya. Cikin jikin mutum ɗaya ana iya samun irin wannan zuri'a dubbai, wasu su yi shekaru masu yawa ba su ƙare ba.

Shafin birus yana ba da umurni biyu masu muhimmanci. Na farko sunansa Tax. Shi ke tunzura dogari: haihu, ƙara haihuwa, kada ka huta, kada ka mutu. Yana kuma hana masu gyaran kundi yin aikinsu da kyau. Amma Tax mai yawan surutu ne. Da ya yi magana, masu kisa CD8 sukan ji, su zo su kashe dogarin. Saboda haka ba ya magana kullum. Yakan yi ta ɗan lokaci, ya yi shiru.

Na biyu sunansa HBZ. Sai 2002 aka gano shi, a Montpellier shi ma. Ya daɗe a ɓoye don daga ɗaya ɓarin ake karanta shi. Ku da kuka san ajami kuka kuma koyi boko, kun san wani rubutu daga dama yake tashi, wani daga hagu. To, shafin birus ɗin ana karanta shi ta kowane ɓari, kowane da abin da yake faɗi. HBZ a hankali yake magana, amma ba ya fasawa. Shi ke riƙe zuri'ar da rai, masu kisa kuwa ba su cika jin sa ba.

Ga bambancinsa da sida. Ƙwayar sida kashe masu ba da umurni take yi, har gari ya rasa tsaro. HTLV-1 yawaita su yake yi, amma yana ɓata masu hali.

Ga mutum wajen 90 cikin 100, faɗan nan tsakanin birus da masu kisa kunnen doki ne. Ba wanda ya ka da wani. Mutum ya yi nomansa, ya yi aurensa, ya ga jikokinsa.

Sankarar jini

Duk mai kwafar littafi yakan yi kure. Idan aka yi shekara 30, 40, ko 50 ana kwafa, masu gyara kuma an ɗaure masu hannu, kure yakan taru. Wata rana sai zuri'a ɗaya ta ƙi jin magana sam. Ta yi ta haihuwa ba tsayawa, ta cika jini, da kaluluwa, da hanta, da saifa, da fata. Wannan ita ce sankarar jini ta manya. Ba ta samun fiye da mutum wajen 5 cikin 100 na masu ɗauke da birus ɗin. Kusan dukansu kuwa tun suna jarirai suka kamu, ta nono.

Alamunta su ne kumburin kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, ƙuraje ko tabo a fata da ba su warkewa, rama, zazzaɓi, ƙishirwa mai yawa da ruɗewar hankali. Ƙarƙashin madubi, ɗakin kundin dogaran ya kan lanƙwashe ya yi kama da fure. Irin mai tsanani tana da sauri, da yawa ba su kai shekara. A manyan asibitocin duniya ana yaƙar ta da magungunan sankara, da wani maganin sida mai suna zidovudine haɗe da interferon, da kuma dashen ɓargo.

Shanyewar ƙafafu

Cuta ta biyu ba sankara ba ce. Dogaran da suka kamu sukan shiga laka, wato farin abin nan da ke cikin ƙashin baya mai kai saƙo daga kai zuwa ƙafafu. Masu kisa su bi su can. Faɗan da ake yi a wurin shi ke ɓata lakar, kamar gonar da aka yi kokowa cikinta.

Abin a hankali yake zuwa. Ƙafafu biyu su yi nauyi, su sandare. Mutum ya riƙa tuntuɓe, yana jan ƙafa. Kwankwaso ya yi ciwo, fitsari ya riƙa kufcewa ko ya ƙi fita, bayan gida ya yi wuya. Bayan shekaru sai sanda, wani har keke. Ya fi kama mata, kuma manya. Masu samun sa ba su wuce 4 cikin 100 ba. Ba shi ne shan inna ba, don shan inna yara take kamawa, farat ɗaya, ƙafa ta yi laƙwas. Ba shi ne kuma shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini ba, mai ka da mutum rana ɗaya.

A ƙauyukanmu, idan ƙafafun mace suka fara mutuwa haka, kafin a ce likita an ce sammu. A zargi kishiya, a zargi maƙwabci, a sayar da akuya da tunkiya a kai ma boka. Wannan asara biyu ce, ta dukiya da ta zumunci. Kuma ku sani, abubuwa da yawa suna shanye ƙafafu. Tarin fuka yakan ci ƙashin baya ya danne laka, shi kuwa yana da magani, ana warkewa idan an zo da wuri. Mai irin wannan alama a kai shi gidan likita na kusa, su aika shi babban asibitin Zinder idan ta kama. Ko HTLV-1 ɗin ne, akwai maganin rage sandarewa da ciwo, akwai motsa jiki da ake koya masa, akwai kula da mafitsara.

Wa ya gano shi?

A 1977 wani likitan Japan, Kiyoshi Takatsuki, ya lura da wata sankarar jini ta manya. Da ya tambayi marasa lafiyar garinsu, sai ya ga yawancinsu a kudancin ƙasar aka haife su, a tsibirin Kyushu. Ya ce lalle akwai dalili. A Amurka kuma, Robert Gallo da Bernard Poiesz suka fitar da birus ɗin daga jinin wani maras lafiya, suka ba da labari a 1980. Shi ne retirobirus na farko da aka samu ga ɗan Adam. A 1981 Yorio Hinuma ya samu nasa a Japan, a 1982 aka tabbata abu ɗaya ne. Ƙwayar sida kuwa sai 1983 aka gan ta a Pasteur, kuma dabarun da aka koya wajen neman HTLV-1 sun taimaka ƙwarai. Maganar ƙafafu, Antoine Gessain da abokansa suka gano ta a tsibirin Martinik a 1985, likitocin Kagoshima ta Japan suka ga haka a 1986.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Tun 1983 wani likitan jini na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Alan Fleming, da abokan aikinsa suka ba da labarin sun ga alamar birus ɗin cikin jinin wasu masu ba da jini a Najeriya. A 1984 likitocin Ibadan suka ba da labarin marasa lafiya biyu masu sankarar da yake kawowa. Zariya kuwa ba baƙon wuri ba ne ga mutanen Damagaram. Wane gida ne na Matamai, ko Magariya, ko Mirriya da ba shi da ɗan cin rani ko ɗan kasuwa a Kano da gaba da ita?

A Afirka ya fi yawa a ƙasashen kurmi. A wasu ƙauyukan Gabon, fiye da 10 cikin 100 na manya suna da shi. Birai ma suna da irin nasu, kuma a Gabon da Kamaru an ga mafarautan da biri ya ciza sun kamu. A ƙasashen Sahel irin tamu bai kai haka ba. Akwai shi a Jamaika, da Barazil, da Peru, da birnin Mashhad na Iran, da tsakiyar Ostareliya.

Maganar nono

Yanzu mun zo wurin da ya fi kowane nauyi. Mata, ku saurara da kyau, maza ku ma.

Idan uwa tana da birus ɗin, ta kuma shayar da ɗanta dogon lokaci, wajen yaro 20 cikin 100 sukan kamu. A watannin farko jariri yana da sauran makaman da ya samu daga jinin uwarsa tun yana ciki. Suna kare shi. Bayan kamar wata shida sukan ƙare, daga nan haɗarin ke ƙaruwa. A jihar Nagasaki ta Japan, tun 1987 aka fara auna mata masu ciki. Wadda aka samu da shi sai a ba ta shawarar ta ba ɗanta madarar gwangwani. Yaran da ke kamuwa suka sauko daga 20 cikin 100 zuwa ƙasa da 3.

Wani zai karanta wannan ya ce to a bar ba da nono. A'a! Nagasaki ba Tanut ba ce, ba Gure ba ce. Can kowane gida da ruwan famfo mai tsabta, da kuɗin madara, da likita kusa. A nan, jaririn da aka cire daga nono aka sa shi ga ruwan rijiya ko na tabki, zawo da tamowa suna iya ɗauke shi cikin ƴan makonni. Ku yi lissafin da kanku. Uwaye kaɗan ne ke da birus ɗin. Cikin ƴaƴansu, ɗaya cikin biyar ke kamuwa. Cikin waɗanda suka kamu, kaɗan ne za su yi ciwo, shi ma bayan shekaru masu yawa. Zawo kuwa ba ya jiran shekara.

Saboda haka shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan daram ga matanmu: nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sa'an nan a ƙara da kunu da abinci, a ci gaba da nono har shekara biyu. Kada wata ta yaye ɗanta don ta ji wannan labari. Wadda kaɗai maganar ta shafa ita ce wadda aka auna aka tabbatar tana da shi. Ita ma ba ita kaɗai za ta yanke ba, sai da likita da ungozoma, su duba halin gidanta. Wata za a ce ta gajarta shayarwa, wata a ce ta ci gaba. Abu ɗaya dai: wadda ta san tana da shi kada ta karɓi ɗan wata ta shayar, ko da maraya ne na ƴar'uwarta. A nemi wata cikin dangi.

Jini, allura da aska

Ƙarin jini hanya ce mai ƙarfi, don leda ɗaya tana ɗauke da dogarai masu yawan gaske. Japan ta fara auna jinin masu bayarwa a 1986, Amurka a 1988, Faransa a 1991. Wasu ƙasashe kuma suna tace jinin su cire fararen ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace leda a ko'ina a auna ta don cuta huɗu: sida, ciwon hanta iri biyu, da tunjere. Awon HTLV-1 kuwa kowace ƙasa ke duba yawansa a wurinta ta yanke. A 2021 hukumar ta fitar da babban rahoto kansa, tana kiran ƙasashe su ƙara kula.

A nan ma kada tsoro ya kai ku ga asara. Yaron da zazzaɓin damina ya shanye ma jini, ko mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, idan likita ya ce a ƙara jini, a ƙara. Kuma masu lafiya su riƙa zuwa wurin ba da jini na Zinder suna bayarwa. Abin gudu shi ne allurar kasuwa, wadda mai yawo da jaka ke yi ma mutum biyar da tsinke ɗaya. Wurin wanzami kuma, ko kaciya, ko ƙaho, ko shasshawa, ko cire beli, kowa ya zo da sabuwar rezarsa. Kuɗinta ba su kai na goro ba, tana kuma tsare mutum daga sida da ciwon hanta. Tsakanin miji da mata, birus ɗin ya fi saurin tashi daga namiji zuwa mace, kuma yawanci sai an daɗe tare. Kwaroron roba yana tare shi.

Awon da ake yi ba birus ɗin yake nema ba, makaman da jiki ya ƙera dominsa yake nema. A ƙasashen zazzaɓin sauro irin tamu, awon farko yakan nuna akwai alhali babu. Don haka wanda aka ce ma an ga alama, kada hankalinsa ya tashi, ya nemi a sake da awo na biyu mai tabbatarwa. Idan ya tabbata, ya bar ba da jini. Ya kuma gaya ma likita a auna matarsa ko mijinta, da mahaifiyarsa idan tana da rai, da ƴan'uwansa da suka sha nono ɗaya.